Ƙwallon Dabino da Aka Mayar Bam

Kalma ɗaya ce ta hana ni digiri na biyu a Kartum, kuma ba ni na rubuta ta ba. Wani magatakarda ne ya rubuta, ni na sa hannu a ƙasa. Har yau ban yafe masa ba, ban yafe wa kaina ba, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azin haƙuri. Na sha shi har ya gundure ni.

Sunana Asabe, mutuniyar Funtuwa. Sai da na shekara talatin da ɗaya a duniya kafin na iya rubuta sunan nan. Mijina mai gyaran rediyo ne. Da ya rasu ya bar mini 'ya'ya uku da tebur cike da matattun rediyoyin mutane, sai na zauna a kujerarsa. Hannuna ya iya aikin, don na daɗe ina riƙe masa dalma, amma lambobin da ke jikin kayan sun fi ƙarfina. Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan. Daga nan ban tsaya ba sai da na fito jami'a da digirin fiziks, ina aji ɗaya da sa'o'in ɗana na fari, suna ce mini Mama, ina kayar da su a jarrabawa. Wani malamina ne ya haɗa ni da abokinsa ɗan Sudan, Dakta Tajussir, wanda suka yi karatu tare a Turai, shi kuma ya aiko mini takardar gayyata da hannunsa. Na sauka Kartum ina da shekara arba'in da huɗu, a farkon shekarun da sojoji suka karɓi ƙasar.

Zangon farko Mayo, wata unguwa a gefen Kartum. A ɗakin kwanan ɗalibai mata an duba takarda, an dube ni, aka ce babu sunana. Wata ɗaliba 'yar Damagaram ce ta ji tausayina ta sa ni a hafila, ƙaramar bas ɗinsu, ta kai ni gidan Hajja Zainaba, wadda kakanta ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a nan, zangon ya zama gida. Ta ba ni ɗakin laka mai gado na igiya. Hausarta irin ta kakanni ce, an yayyafa mata Larabci.

"Ya bitti, 'yata, karatun me kika zo yi da furfura a ka?"

"Ilmin taurari, Hajja."

"Kwayyis," ta ce, wato madalla, tana kallona kamar wadda ta tsinci abu.

Washegari kafin na gama shan shayi mata biyar sun zauna a tsakar gida suna jirana. Ɗaya mijinta ya tafi Libiya shekara uku babu wasiƙa, tana so in duba mata. Na ce mata ni ba 'yar duba ba ce, taurarin da nake bi haskensu ya taso tun ba a haifi kakan kakan kowa ba, ba su san mijinta ba, ba su san Libiya ba.

"To amfaninsu me?" ta ce.

Hajja ta yi dariya har sai da taub ɗinta, mayafin nan nasu, ya zame daga kai. "Kalas, ku tashi. Wannan malamar taurarinta ba sa aiki."

Zango na biyu bencin ƙofar sashen fiziks. Mako uku ina zuwa, mako uku sakatariya tana gaya mini Dakta yana mitin, in dawo bukra, wato gobe. Tana faɗa tana kallon farcenta. Wata mai sayar da shayi a gindin dalbejiya ce ta gaji da ganina, ta miƙo mini kofi ban tambaya ba, ta rage murya ta ce Dakta ba ya wani mitin. Wata biyu ke nan da aka sallame shi, shi da wasu malamai. A takardar sallamar an rubuta wai don maslahar jama'a. Ko ƙofar jami'a an hana shi takawa. Ta ce in tafi unguwar Alshajara in nemi garejin masu naɗa injin ban ruwa.

Na koma na tsaya a kan sakatariyar nan na ce mata mako uku na rayuwata ta ci, kuma ni ba yarinya ba ce da ke da makonnin zubarwa. Ba ta ɗago ba. Daga baya na gane tsoro ne ya hana ta ambaton sunansa, amma ganewar ba ta dawo mini da makonnina ba.

A Alshajara na same shi zaune a kan gwangwani, dogon mutum mai tabarau, yana naɗa wayar tagulla a cikin injin famfo. Da na faɗi sunana ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya daɗe yana ba ni haƙuri, wai ya rubuto mini kada in taso, wasiƙar ce ba ta isa ba. Na ce haƙurin ya isa, ya gaya mini aikin da na zo yi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi, ya jawo mini gwangwani.

Ga abin da ya koya mini ranar, cikin ƙarar guduma. Taurari a garke suke zaune, kowane garke da dubban miliyoyi. Wani lokaci garke biyu sukan yi karo su cakuɗe, sai iska da ƙurar da ke cikinsu su gangara tsakiya su taru. A can tsakiyar wani abu yana ci da wuta, haskensa ya kai na ranarmu sau miliyan miliyan. Amma ƙura ta lulluɓe shi. Ka ɗora madubin hangen nesa ba ka ganin komai sai duhu-duhu. Ƙurar ce take shanye hasken, ta yi zafi, ta fitar da shi a wani irin haske na ɗumi da idon mutum ba ya gani. Da wannan ɗumin aka gano su.

Ya ciro dabino daga aljihu ya ɗaga. "Tsokar nan ita ce ƙurar. Mu ƙwallon ciki muke nema. Ko dai taurari ne sababbi birjik ake haifa lokaci ɗaya, ko kuwa baƙin rami ne guda yana haɗiyar duk abin da ya matso shi. Wa zai gaya mana, ya Ustaza?"

"Rediyo," na ce. "Ba ruwansa da bango. Tashar ƙasar waje har ƙuryar ɗakin laka take shiga."

Ya buga cinya. Ya ce haka ne, igiyar rediyo tana ratsa ƙurar ta fito. Idan ta fito a baje, taurari ne. Idan ta taru a ɗigo ɗaya ƙanƙane mai tsananin ƙarfi, to a fara zargin baƙin rami. Ya shiga ciki ya fito da tef, naɗaɗɗe a kan faifai mai faɗin murfin tukunya. Wani abokin aikinsa ne ya saurari garke goma sha ɗaya da manyan kwanonin ƙarfe na sauraren sama da ke Amurka, ya aiko masa. Babu kwafi na biyu a duk Sudan. Shi an hana shi kusantar na'urar da za ta karanta, ni ba a hana ni ba.

"Digirinki ke nan," ya ce. "Kada ki bar shi a rana."

Wani tsohon ɗalibinsa da bai rasa aiki ba ya yarda a sa sunansa a matsayin mai duba aikina. Saura rajista. A lokacin an kafa dokar cewa komai na jami'a da Larabci za a rubuta, har sunan bincike. Nawa sunan da Turanci yake, dogo: sauraren rediyo na cibiyar garkunan taurari masu tsananin hasken ɗumi. Na kai wa magatakarda, Ustaz Mu'awiya, daidai ƙarfe goma, lokacin karin kumallonsu, kwanon wake na gefensa yana hucewa. Ya jawo ƙamus, ya duba kalma, ya rubuta, ya duba, ya rubuta. Layin da ke kan fom ya ƙare. Ya ajiye biro.

"Ina sauran?" na ce.

"Babu wuri, ya Hajja. Wannan ma ya isa."

Larabcina na allo ne da na kasuwa, karatun rubutun hannu sai na bi harafi-harafi. Bayana kuwa yara ne a layi, wani yana cewa, "Ya Hajja, ki sallame mu mana." Ni da na koyi karatu don kada a sake miƙo mini takardar da ban san abin da ke ciki ba, kunyar yaran nan ta sa na zana sunana da kyau na ba shi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Wata huɗu na yi a ɗakin kwamfuta. Na'ura ɗaya ce ke karanta irin tef ɗin, rabona da ita awa ɗaya ranar Talata, in akwai wuta. Sau da yawa babu. In taso daga Mayo, hafila biyu, in zauna in kalli fanka a tsaye, in koma. A cikin watannin nan wasiƙa ta zo cewa 'yata Hindatu ta haihu, an yi suna, an sa wa yarinyar sunana. Na karanta a tsakar gida na ninke. Da la'asar Hajja ta fito da wani ƙullin daddawa da wani alhaji ya kawo mata tun bara, wanda take ɓoyo kamar zinariya, ta yi mini miyar kuka. Na ci ina hawaye, tana yi mini faɗa wai ina ƙara wa miyarta gishiri.

Garke biyu na samu na fitar a takarda. Zanen yakan fito da'ira cikin da'ira, lambobi jere a gefe da ƙasa masu nuna wurin a sama. Na farko a baje yake kamar an zubar da kunu. Na biyu kuwa da'irorin sun matse, sun matse, har suka zama ɗigo. Na daɗe ina kallonsa. Matar da ta yi shekara talatin ba ta san bambancin harafin ba da harafin ta ba, ga ta tana leƙa cikin abin da ƙura ta ɓoye wa duk mai ido. Ban kai ga nuna wa Dakta ba.

Talatar da ta biyo baya mutum biyu masu rigar safari suka shigo ɗakin. Suka karɓi tef, da zanen biyu, da fasfona. Suka kai ni wani gida a cikin gari wanda babu allo a ƙofarsa. Ba wanda ya taɓa ni. Abin da aka ce shi ne in zo kullum ƙarfe bakwai na safe in zauna a benci har rana ta faɗi. Kwana goma sha shida na yi haka, ba a tambaye ni ko sunana ba. Ranar farko na yi masifa. Ranar biyar na daina. Mai wannan dabarar ya san aikinsa.

Rana ta goma sha bakwai aka shigar da ni wurin wani hafsa mai ƙiba, gabansa shayi da faranti na dabino. A gefe wani kurtu ne tsaye, wanda zai yi tafinta. Ya buɗe baki sai na ji Hausa.

"Gwaggo, sannu. Ni ɗan Gadarif ne, iyayena Hausawa. Abin da ya tambaya shi za ki amsa, kada ki ƙara, Allah ya ba ki haƙuri."

Hafsan ya ɗaga fom ɗina ya karanta da ƙarfi, kurtun ya juya mini: "Leƙen wuraren nukiliya ta hanyar rediyo." Kurtun ya ce kalmar farko da magatakarda ya zaɓa, ita ce kuma suke amfani da ita wajen sa ido a kan mutum. Ta ƙarshe a Larabcin kuwa, nawawiyya, kowa ya san ta bam ce. Taurarin duka suna cikin wutsiyar da layi bai ɗauka ba.

Ya shimfiɗa zanena na biyu, ya ɗora yatsa a kan ɗigon. "Taswirar ina ce wannan?"

"Sama."

"Saman wace ƙasa?"

"Saman Allah."

Kurtun ya dube ni kafin ya fassara.

"Tef ɗin daga ina?"

"Amurka."

"Wa ya ba ki?"

"Malamina."

"Wanda aka kora."

"Wanda kuka kora."

"Gwaggo!" in ji kurtun. Wannan bai fassara ba.

Na ga in na bi ta tambayoyinsa kaina zan rataye. Na miƙa hannu na ɗauki dabino ɗaya daga farantinsa ba izini, na ɓare, na cinye tsokar, na ajiye ƙwallon a kan fom ɗin. Na ce a tambaye shi me suke kiran wannan.

"Nawa," hafsan ya ce da kansa, wato sunan ƙwallon da Larabci.

Na ce to daga nan kalmar ta fito. A Larabcinsu ƙwallon dabino sunansa nawa, ƙwallon da ke cikin ƙwayar zarra da ake bam da shi sunansa nawa, tsakiyar garken taurari ma sunanta ke nan. Ni ta ukun nake nema, kuma tana da nisan da ko jikokinsa na dubu suka hau jirgi ba za su kai ba. Na yi masa bayanin ƙura da ɗumi da baƙin rami kamar yadda aka yi mini a kan gwangwani. Kurtun yana fassarawa yana gumi, in ya rasa kalma sai ya yi da hannu.

Hafsan ya dubi ƙwallon, ya dubi fom. Sai ya fashe da dariya. Ya yi dariya har ya cire hula ya share ido, ya kira wani daga ofishin kusa ya ba shi labari, shi ma ya yi. Ya sa aka kawo mini shayi. Na sha, raina ya kwanta, na ce a zuciyata an gama.

Da ya nutsu ya ce, "Na gane, ya Hajja. Wallahi na gane. Amma fayil ya riga ya hau sama da wannan sunan, manya sun sa hannu. Wa zai rubuta musu cewa maganar nukiliyar da aka tashe su a kanta ƙwallon dabino ce? Ni?"

Ya turo mini farar takarda. Ya ce hanya ɗaya ce: in rubuta cewa Dakta ne ya ba ni tef ban san abin da ke ciki ba. Fayil ya koma kansa, ni in ɗauki kayana in ci gaba da karatuna.

Ba zan yi ƙarya ba, na dubi takardar nan. Garke tara suna jirana. Amma na ce wa kurtun ya faɗa masa daidai, kada ya rage: na san abin da ke cikin tef ɗin, shi ne ma abu ɗaya da na sani fiye da kowa a ginin nan, kuma na riga na sa hannu sau ɗaya a kan abin da ba haka yake ba, ba zan yi na biyu ba.

Wannan ya fassara duka. Hafsan ya ɗaga kafaɗa, ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini fasfo. Iƙamata, takardar izinin zama, saura mata kwana goma sha tara, kuma ya ce kada in wahalar da kaina neman sabuntawa. Ya ƙara da cewa malamin da ya ara mini sunansa ya janye tun makon jiya, jami'a ta soke rajistata. Zanen biyu sun zama na fayil.

Na kai bakin titi sai na ji ana "Gwaggo, Gwaggo." Kurtun ne, da wani abu a cikin takardar siminti. Ya tura mini a hannu yana waige-waige. "Malesh, ki yi haƙuri. Shi kaɗai na iya. A bayan mota suka manta shi tun ranar." Ya juya da sauri, ban ko tambayi sunansa ba. Na buɗe. Faifan ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha wuta, tef ɗin ya manne da juna ya zama dunƙule ɗaya. Kwana goma sha bakwai a bayan gilashi, a ranar Kartum.

Zangon ƙarshe Omdurman. Na haye gadar Farin Nilu da la'asar, na nemi gidan Dakta a wani lungu bayan kasuwa. Matarsa ta buɗe mini. Shi ma ashe an ɗauke shi, kwana tara, kuma nasa ba zaman benci ba ne. Bai ba ni labari ba, ban tambaya ba. Na dai ga da aka kawo kofi matarsa ce ta riƙe masa finjali.

Na ajiye tef ɗin a gabansa. Ya juya shi, ya gwada ɓanɓare bakin da farce, ya bari.

"Abokinka yana da na asali," na ce. "A rubuta masa."

"Wasiƙa wata guda take kafin ta isa, in ta isa. Tef ya dawo, wani watan, in an bar shi ya shigo. Sunana a jikin ambulan kuwa ya isa a ƙona ta. Kuma ko ya zo, wace na'ura za ki sa shi? Ki koma gida, ya Asabe. Kina da jika."

"In koma in ce me? Na je Sudan na ci dabino?"

Ya yi 'yar dariya, ta tsaya masa a ƙirji. Can ya ce in zana masa na biyun da bai gani ba. Na tsoma yatsa a ruwa na zana a kan tire, da'ira cikin da'ira har ɗigo, na faɗa masa lambobin da na haddace. Ya sunkuya yana kallo, idonsa ya dawo irin na ranar gwangwani.

"Zai iya zama baƙin rami," ya ce. "Zai kuma iya zama taurari ne suka cunkushe wuri ɗaya. Sai an auna ƙarfin ɗigon da faɗinsa sosai, a gwada da sauran taran." Ruwan ya fara bushewa daga gefe. "Wani zai auna, a wata ƙasa. Ba mu ba."

Matarsa ta hana ni komawa Mayo ranar, ta shimfiɗa mini a ɗakinta.

Da safe na roƙi takarda doguwa da adireshin abokin nasa. Dakta ya ce ɓata tawada ne. Na ce tawadata ce. Na rubuta wasiƙar da sunana ni kaɗai, da Turanci a sama, na roƙi kwafin tef, na ba da adireshin Hajja a Mayo da na ɗana a Funtuwa, don ban san inda za ta same ni ba, ban kuma san inda zan sami na'ura a Funtuwa ba. A ƙasa na sake rubuta ta da Larabci, harafi-harafi, matar Dakta tana gyara mini, saboda wanda zai buɗe ta a hanya kada ya nemi ƙamus. Na taka har gidan waya na Omdurman, saura kwana goma sha takwas a fasfona. Ma'aikacin ya manna kan sarki, ya juya ambulan, ya turo mini.

"Ya Hajja, ba ki liƙe ba."

"Bar shi haka," na ce. "Kada su yaga mini takarda wajen buɗewa."